Tango na Mazan Jiya: Kiɗan da Ba Ganga, Ba Mawaƙi



Shugaban wannan taro, iyayenmu malamai waɗanda suka daure suka zo duk da nisa da nauyin shekaru, 'yan ajinmu, da ƙannenmu da suka biyo bayanmu, barkanku da yamma.

Da sakatare ya sanar da ni cewa bana ni zan yi jawabi bayan cin abinci, na san abin da yake zato. Zatonsa a kan kiwon shanu zan yi magana, ko rigakafin cututtukansu, tun da aikin da na yi ke nan har na yi ritaya. Da na ce masa a kan kiɗa zan yi, sai ya yi shiru, can ya ce in maimaita. 'Yan ajinmu sun san dalilin mamakinsa. Ni ne wanda ake cirewa daga layin fareti saboda ƙafata ba ta bin ganga. To malamai, Allah ya gafarta muku, ku kwantar da hankalinku, ba rawa na zo koya wa kowa ba. Kiɗan kawai zan yi magana a kai, da mutanen da suka fara shi.

Aikin shanun ne dai ya kai ni ga wannan kiɗa. Shekaru da yawa da suka wuce an tura ni kwas na wata uku ƙasar Ajantina, a Kudancin Amurka. Wata ranar Lahadi na shiga unguwar San Telmo a birnin Buenos Aires, inda ake cin kasuwar tsofaffin kaya a dandalin Dorrego. Na iske wani dattijo yana wana garmaho, irin mai ƙaho ɗin nan. Abin da na iya da Sifaniyanci a lokacin bai wuce gaisuwa da tambayar farashi ba. Na tsaya ina saurare. Sarewa ce ke tsalle a sama, goge na bin ta, jita na riƙe musu ƙafa daga ƙasa. Na yi ta jira mawaƙi ya shigo, bai shigo ba. Na jira ganga, ita ma shiru, har faifan ya ƙare. Na sayi faifan nan, na naɗe shi cikin riguna, amma da na buɗe akwati a gida sai na tarar ya rabu gida uku. Takaicin wannan faifai ne ya sa na shiga neman labarinsa, har yau ban daina ba.

Abin da na ji ran nan shi ne tango na farko, na wajen 1890 zuwa 1920, wanda su mutanen can suke kira Guardia Vieja. In za a faɗe shi da Hausa, mazan jiya ke nan.

Kafin a fahimci kiɗan sai an san garin. Buenos Aires babbar tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Rio de la Plata, a ɗaya gaɓar kuma akwai Montevideo, babban birnin Yurugwai. Biranen nan biyu su suka haifi tango tare, har yanzu kuwa ba su gama gardamar wanda ya fi haƙƙi a kansa ba. A ƙidayar 1869 mutanen Buenos Aires ba su kai 200,000 ba. A ƙidayar 1914 sun haura miliyan ɗaya da rabi, kuma kusan rabinsu ba a ƙasar aka haife su ba. 'Yan ci-rani ne daga Italiya da Sifen galibi, da wasu daga Faransa, Jamus, Rasha da ƙasar Sham. Yawancinsu samari ne gwagware, sun baro iyali da niyyar su tara kuɗi su koma, da yawa ba su koma ba. Suka cunkushe a manyan gidajen haya da ake kira conventillo, iyali guda ɗaki guda, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. A gefen gari kuma ga makiyayan karkara da shingen waya ya raba da dajinsu, sun dawo aiki a kwata ko jan amalanke.

To ku duba wannan tsakar gida. Wannan daga Genoa, wancan daga Galisiya, na kusa da shi daga Odessa, kowa da harshen uwarsa. In dare ya yi aka fito shan iska, waƙar wa za a yi? A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa tango ya fara rayuwarsa a bakin kayan kiɗa. Sarewa ba ta bukatar tafinta. Ni kaina shaida ne, domin na fahimce ta ran nan a kasuwa alhali ban fahimci mai garmahon ba. Ba wai babu baiti sam ba, a'a. 'Yan kallo kan lanƙaya wa kiɗa baitocinsu, da yawa na batsa da ba za su faɗu a gaban malamai ba, kuma akwai 'yan kaɗan da aka buga da waƙa, kamar La Morocha na 1905. Amma uwar tafiyar kiɗa ne zalla, don masu rawa.

Akwai wasu mutane a garin waɗanda suka riga duk baƙin nan zuwa, kuma a kansu nake so in ɗan daɗe. Ƙidayar 1778 ta nuna kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen Buenos Aires baƙar fata ne ko barbarar yanyawa, bayi da 'ya'yan bayi. Mafi yawansu daga Kwango da Angola aka kwaso su. Sun kafa ƙungiyoyin taimakon juna bisa ga asalinsu, kowace da filinta na taro da ganguna. Wani masanin tarihi Ba'amurke, George Reid Andrews, ya jera sunayen ƙungiyoyin a littafinsa na 1980, a cikinsu kuwa akwai wadda ake kira Auza, akwai wata Borno. Ran da na ci karo da wannan sai da na ajiye littafin na ɗan yi tagumi. Ba zan ce muku Hausawa ne suka ƙirƙiro tango ba, wannan ƙarya ce. Abin da na ce shi ne, an taɓa yin mutanen da ke amsa sunan Hausa da Barno a unguwannin da kiɗan ya tsiro.

Kiɗan waɗannan ƙungiyoyi shi ne candombe, kiɗan ganguna ne tsantsa. Ita kalmar tango ma, tun farkon ƙarni na 19 ana amfani da ita a takardun hukuma da nufin wuraren da baƙar fata ke taruwa su yi kiɗa da rawa, kuma galibi in ka gan ta a takarda, to hana taron ake so a yi. Daga candombe, da milonga ta makiyayan karkara, da habanera wadda ma'aikatan jirgin ruwa suka kawo daga Kyuba, tango ya haɗu. Ita habanera ita ta ba shi takunsa na farko. Bari in buga muku a kan tebur: dogo, gajere, sa'an nan biyu daidai da juna. Dam, da-dam, dam. Wannan taku ma jininsa na Afirka ne, ta Kyuba ya zaga.

To ina gangar ta tafi? A ƙidayar 1887 baƙar fata ba su kai kashi 2 cikin 100 na birnin ba. Yaƙe-yaƙe sun ci mazansu, ciki har da yaƙin Paragwai da ya ƙare a 1870. Annobar shawara ta 1871 ta yi ɓarna a unguwannin talakawa. Baƙi daga Turai sun yi musu ambaliya, auratayya ta biyo baya, masu ƙidaya kuma suka riƙa rubuta mutane da yawa a layin farare. Masu mulkin ƙasar a lokacin burinsu Ajantina ta zama yankin Turai, ganga kuwa tana tuna musu abin da ba su so a tuna. A Montevideo candombe ya rayu da gangunansa uku har yau. A tango kuwa ganga ba ta samu kujera ba. Kusan duk ƙungiyar tango ta gargajiya da za ku gani, babu mai ganga a cikinta.

Amma masu gangar ba su bar fagen ba, kayan aiki suka sauya. Casimiro Alcorta, ɗaya daga cikin masu gogen tango na farko-farko, baƙar fata ne. Haka Carlos Posadas, wanda ya tsara kiɗe-kiɗen da har yanzu ake bugawa. Sai kuma Rosendo Mendizabal, wanda labarinsa ya fi taɓa ni. An haife shi a 1868 a gidan baƙar fata masu rufin asiri, ya koyi piyano da karatun rubutun kiɗa. Da rana yana koyar da 'ya'yan manya a gidajensu, da dare yana kiɗa a gidajen rawa irin waɗanda mutumin kirki ba ya so a gan shi yana fitowa daga ciki. Saboda haka ko sunansa cikakke ba ya sawa a kan abin da ya tsara, sai ya rubuta A. Rosendo. A wajen 1897 ya tsara El Entrerriano, watau mutumin lardin Entre Rios. An ce wani mai gonaki ne daga wannan lardi aka sadaukar wa kiɗan, shi kuma ya yi kyautar peso ɗari. Wannan ai ba baƙon abu ba ne gare mu. Take ke nan. Makaɗi ya buga wa mai hali takensa ba tare da ya furta kalma ba, kowa a wurin ya san wa ake nufi, mai hali ya sa hannu a aljihu. Tango na farko da yawa haka suka samu sunayensu: na likita, na dokin sukuwa, na mai shago, na wani gwanin faɗa da wuƙa a unguwa. El Entrerriano na cikin mafi daɗewar tango da har yanzu ake bugawa. Mendizabal kuwa ya rasu a 1913 cikin talauci, jiki ya shanye, ido ya kusa tafiya, a shekarar da birnin Paris ya haukace da tango. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ita gangar ma ta dawo, amma ta ƙofar baya. Leopoldo Thompson, shi ma baƙar fata, mai kaɗa babban gogen nan da ake tsayawa a kaɗa, shi ya shahara da dukan tsirkiya da sandar goge yana mara wa da tafin hannu, har kayan ya riƙa amsawa kamar fata. Na baya suka ƙara da ƙwanƙwasa jikin goge da jikin piyano. Akwai wata dabarar jan tsirkiya da masu goge ke yi wadda sunanta ma da Sifaniyanci ganga ne. Watau an hana ganga shiga ɗaki, sai kowane kayan kiɗa ya ɗauki wani yanki na aikinta. In kun saurari tango kuka ji kamar ana taka ƙasa da ƙarfi alhali ba mai ganga, to abin da kuke ji ke nan.

Yanzu halin kiɗan kansa. Wanda ya san tango ta silima zai ce kiɗan baƙin ciki ne. Na mazan jiya ba haka yake ba. Yana da sauri, yana da tsokana da fankama, kamar saurayin da ya karkace hula yana tafe yana fito. Makaɗa uku ne galibi, sarewa da goge da jita, domin kaya ne da za a iya rungumewa a gudu in faɗa ya tashi ko 'yan sanda suka iso. Kiɗa ɗaya yakan kasu sassa uku gajeru, a zagaya a dawo. Da yawa daga makaɗan ba su iya karanta rubutun kiɗa ba, da kunne suke ɗauka, kowa ya ƙara nasa gishiri. Francisco Canaro, wanda daga baya ya zama attajiri da wannan sana'a, gogensa na farko da gwangwanin mai ya haɗa shi yana yaro, kamar yadda muka riƙa haɗa garayar gwangwani a unguwa. Eduardo Arolas ya tsara kiɗansa na farko kafin ya san rubutun kiɗa, sai da wani ya rubuta masa. Abin da ya watsa kiɗan cikin gari kuwa, kafin garmaho ya yawaita, shi ne wani akwatin kiɗa mai hannun wanawa da ake yawo da shi titi-titi. Ta taga tango ya shiga gidajen da aka hana shi shiga ta ƙofa. A kusurwar titi kuma samari kan yi ta gwada takun junansu, maza zalla, tun da mata sun yi ƙaranci.

Manyan gari sun ƙyamaci abin ƙwarai. A 1903 da za a fara buga El Choclo na Angel Villoldo a wani gidan abinci na masu kuɗi mai suna El Americano, sai da mai piyanon, Jose Luis Roncallo, ya ɓoye sunan tango ya ce rawar gargajiya ce. Aka yi ta tafi. Ma'anar El Choclo kuwa ɗanyar masara ce. Kiɗan nan ne aka sa wa waƙar Turanci a Amurka a 1952, har Louis Armstrong ya rera, don haka mai yiwuwa wasu cikin malamanmu sun san shi ba su san daga inda ya fito ba.

Sai ga bandoniyon. Wannan wani akwati ne mai zuga-zugi a tsakiya irin na maƙera, da maɓallai a gefe biyu. A Jamus aka ƙera shi, ya samu sunansa daga wani mai sayar da kayan kiɗa a garin Krefeld, Heinrich Band, a tsakiyar ƙarni na 19. Irin wanda ya zauna a Ajantina maɓallai 71 gare shi, 38 a dama, 33 a hagu, kuma kusan kowane maɓalli muryarsa in an buɗe zuga-zugin daban take da muryarsa in an matse. Jerin maɓallan kuma ba ya bin wani tsari da hankali zai kama, sai hadda. Abu mai wuya haka ba a yin gudu da shi, musamman a hannun masu koyo da ka. A wajen 1910 ya ture sarewa gefe, kiɗan ya rage sauri, muryarsa ta yi kauri. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Vicente Greco shi ya fara ɗaukar faifai da ƙungiya mai suna orquesta tipica criolla a wajen 1911, sunan da ya bi ƙungiyoyin tango tun daga nan. Faya-fayen Juan Maglio, wanda ake wa laƙabi Pacho, sun yi kasuwa daga 1912 har mai saye kan shiga kanti ya ce a ba shi Pacho ɗaya kawai. Roberto Firpo kuma ya kafa piyano a wurin jita. Ni dai, in kun tambaye ni, an yi riba an yi hasara. Bandoniyon ya ba tango zurfin da ba shi da shi a da, amma dariyar sarewar nan ta tafi ke nan.

Tun da taron tsofaffin ɗalibai ne, ba zan tsallake La Cumparsita ba, wanda ya fi kowane tango shahara a duniya. Ɗalibi ne ya tsara shi, Gerardo Matos Rodriguez na Montevideo, bai kai shekara 20 ba, kuma don jerin gwanon ɗalibai na bikin gari ya yi shi. Abokansa suka kai wa Firpo a gidan shan gahawa na La Giralda, Firpo ya gyara ya ƙara masa wani sashe. Yaron ya sayar da haƙƙinsa a kan kuɗi kaɗan. A 1924 wasu suka ɗora masa waƙa ba da izininsa ba, ya shiga shari'a, ba a rufe maganar ba sai a 1948, shekarar da ya rasu.

Labarin Turai gajere ne. A 1913 tango ya cika Paris da Landan. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya hana hafsoshinsa rawarsa cikin kaki, babban limamin cocin Paris ya yi tir da shi a farkon 1914, jakadan Ajantina a Faransa kansa, Enrique Larreta, ya nesanta ƙasarsa da shi. Duk a banza. Da manyan Buenos Aires suka ga Faransawa sun karɓa, sai suka buɗe masa zaurukansu. Abin da ya fito daga bayan gidansu sai da ya je Paris ya dawo kana suka ga kyansa.

Ƙarshen zamanin mazan jiya ya zo ta hanya biyu. Akwai wani kiɗa na Samuel Castriota mai suna Lita, ba waƙa. Pascual Contursi ya ɗora masa baitoci na mutumin da mace ta gudu ta bari, aka sauya masa suna Mi Noche Triste, Carlos Gardel ya ɗauke shi a faifai a 1917. Daga nan mawaƙi ya shigo gaba, makaɗa suka koma bayansa, tango ya koyi kuka. Sa'an nan a 1924 Julio De Caro ya fito da ƙungiyarsa ta mutum shida, bandoniyon biyu, goge biyu, piyano da babban goge, 'yan makaranta masu karanta kiɗa, kowane sashe a tsare. Ba na raina su. Ba don su ba da babu Astor Piazzolla. Amma kunnena ya fi karkata ga na farko, kuma ba ni kaɗai ba ne. Babban marubucinsu Jorge Luis Borges shi ma ya fi son tsohon tango mai jarumta, yana ganin na baya ya cika ƙorafi.

A 2009 hukumar UNESCO ta sa tango cikin jerin al'adun da duniya ta gada, da sunan Ajantina da Yurugwai tare. Amma abin da ya rage mana na ainihin muryar mazan jiya shi ne faya-fayen da aka ɗauka kafin makirufo ya shigo aikin a wajen 1926. Makaɗa kan taru gaban wani ƙaho su yi ta bugawa da ƙarfi, allura na zana sautin a kan kakin zuma, minti uku a kowane gefe, in an yi kuskure a sake daga farko. Faifan kuma ba ya jure faɗuwa, kamar yadda akwatina ya koya mini. Masu sha'awa ne suka bi kasuwanni irin na San Telmo suna tsinta ɗaya-ɗaya, suka wanke, suka juye, har suka iso intanet. Nakan tuna da kaset-kaset ɗin makaɗanmu na goge da kukuma da ke jibge a ɗakunan wasunmu a nan, zafi na cin su.

Shugaba yana duban agogo, na gani. Na zo da El Entrerriano a waya, ɗauka ce irin ta da, za a sa mana a lasifika yanzu. Ƙarar da za ku ji kamar ana suyar gyaɗa ta faifan ce, ku yi haƙuri da ita. Ku bar kunne ɗaya a kan muryar da ke sama, ɗaya kuma a ƙasa inda takun nan yake, dam, da-dam, dam. Minti uku ne kawai. Wanda ya ga ƙafata na motsi ƙarƙashin tebur, don Allah ya duba mini ko yanzu ta fara bin kiɗa.